Tsirkiya Ta Huɗu

Shekara talatin da ɗaya yana kaɗa jitar bes, wato mai kaurin murya, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa kama shi yana kallon hannunsa. Abin taƙamarsa ke nan a duniya. Sauran makaɗa suna sunkuyar da kai suna neman inda za su danna, shi kuwa idonsa na kan mai ganga, ko kan silin, ko a rufe ruf. Shi ya sa 'yan ƙungiya suka laƙaba masa Ginshiƙi, wai a kansa kowa yake jingina. Sunan ya bi shi har gida, har matarsa ma in ta so tsokana da shi take kiransa.

Ciwon suga ne ya zo ya dagula masa al'amura, kuma bai zo da hayaniya ba. Da fari tafin ƙafa ne ke masa zugi, sai kan yatsu suka fara tsikari kamar ana soka masa allura, daga baya tsikarin ma ya ɗauke. Bawan Allah har murna ya yi, ya ɗauka sauƙi ne ya samu. Sai ranar da matarsa ta fizge kofin shayi daga hannunsa tana salati, ta nuna masa yadda fatar yatsunsa ta ƙone ta yi jawur bai ji ba, sannan ya gane ba sauƙi ba ne.

Ga wanda bai sani ba, tsirkiyar bes ba zare ba ce. Ƙarfe ne a tsakiya, aka naɗe shi da siririyar waya daga sama har ƙasa. In wayar naɗin mai zagaye ce, sai tsirkiyar ta fito da kaushi kamar magagari. Irinta Ginshiƙi ya kaɗa duk rayuwarsa, don tana da amo, tana tsaga ƙarar ganga ta fito fili. In kuwa wayar naɗin shimfiɗaɗɗiya ce, sai tsirkiyar ta fito sumul, mai santsi, muryarta ƙasa-ƙasa. Ita wannan tun yana saurayi ya raina ta. Tsirkiyar ragwaye yake ce mata.

To, kantar da ya shekara talatin yana tarawa a kan yatsunsa ta bushe ta fara tsagewa. Tsaga ɗaya a yatsan tsakiya na hagu sai da ta yi sati biyar kafin ta rufe. Likita ta juya yatsan ta sake juyawa, ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, mai irin ciwonka da ɗan rauni ake farawa, a ƙare da yanke yatsa. Ko ka canza abin da ke gurzar ka, ko ka ajiye kiɗan. Na gaya maka gaskiya."

Akwai abin da bai gaya wa likita ba, bai kuma gaya wa matarsa ba. Tun da yatsun suka daina ji, ya daina ɗaga hannu daga kan tsirkiya in zai matsa daga wani wuri zuwa wani. Jan yatsan yake yi a kanta, ita kuma mai kaushi in an ja yatsa a kanta sai ta yi wani ɗan kuka, ƙiii. Da tsawon kukan nan yake sanin nisan da hannunsa ya yi. Kunne ya karɓi aikin hannu, kuma dabarar ta rufa masa asiri shekara guda cur.

Amma na'urar ɗaukar sauti ba ta san rufin asiri ba. Ranar Litinin, bayan sun tashi daga gwaji, shugaban ƙungiya ya ja shi gefe. Ɗan tsohon abokinsa ne, a gabansa aka haife shi, don haka yana magana yana sosa ƙeya.

"Kawu, ƙarar nan ta jan yatsa ta yi yawa. Mai haɗa sauti ya kwana biyu yana goge ta, ya kasa. Don Allah ka sa mai santsi mu gani. Ranar Asabar sai mu gwada."

"In bai yi ba fa?"

Shugaban ya kalli takalminsa. "Mai fiyano ya ce zai iya riƙe ɓangaren bes ɗin da hannun hagu. Kafin ka ji sauƙi, Kawu."

Hannun hagu! Aikin da mutum ya ba wa ƙuruciyarsa da tsufansa, wai wani zai riƙe shi da hannun da ko abinci ba ya ci da shi. Maganar ta yi masa zafi ƙwarai. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne likita da makaɗi sun haɗu a kan magana ɗaya, kuma mai santsin da suke so ba ta kuka. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya ji ana cewa masu santsin ma iri-iri ne. Wataƙila a cikinsu akwai wadda yatsansa zai gane.

Ranar Alhamis da hantsi suka nufi shagon mai gyaran jita. Matarsa ce ta rataya jakar jitar a kafaɗa, don sau biyu tana suɓuce masa a matakala.

"Na auri makaɗi, na ƙare a dako," in ji ta.

"Ke kika ce za ki biyo ni."

"In ban biyo ka ba, kai da abokin shiriritarka sai ku wuni kuna labarin zamanin da kuke da gashi."

Shagon ɗan ƙuƙut ne, tsakanin mai sayar da taya da mai walda. Jitoci ne rataye a bango, wasu ba wuya, wasu ba tsirkiya, ga tsofaffin sifikoki an jibge su har kusa da silin. Wurin na warin man goge katako da ƙonanniyar dalma. Mai gyaran abokin Ginshiƙi ne tun suna samari, gajere, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, kuma mutum ne da in ya fara bayani sai dai ka nemi wurin zama.

"A'a, yau uwargida da kanta? Lallai an sa ka a gaba, mutumina."

"Na zo in tabbatar ba ka sa masa wayar shanya ba," in ji ta, ta share kujera da gefen mayafi ta zauna.

Mai gyara ya yi dariya, ya jawo ambulan uku daga aljihun tebur ya jera su. Tun da Ginshiƙi ya kira shi a waya ya tanade su.

"Duka ukun nan masu santsi ne, amma kowace da halinta. Wannan ta farko ƙarfe ne zalla, mai taurin kai. Sai ka danna da ƙarfi, amma in ta amsa, har a ƙirji za ka ji ta. Ita ce mai tsawon rai, sai ta shekara goma ba ka canza ba, kuma tana tsufa tana ƙara daɗi."

"Ba kamar wasu ba," in ji matar.

"Uwargida, bar ni in ci kasuwata. Ta biyun nan an shimfiɗa mata zaren siliki a ciki kafin a naɗe. Laushi gare ta, kana taɓa ta ta kwanta, muryarta da ɗumi. Sai dai in mai gangarku mahaukaci ne, zai binne ta."

"Mahaukaci ne," in ji Ginshiƙi.

"Ta ukun kuwa baƙar roba aka lulluɓe ta da ita. Ko jariri ba za ta yanka ba. Muryarta dai dum-dum ce, kamar ana buga ƙofa daga ɗaki na uku. Na ɗaura ɗaya-ɗaya daga kowace a kan tsohuwar bes ɗin shago, ka taɓa ka ji kafin mu buɗe taka."

Ya juya zai sauko da ita daga bango, sai Ginshiƙi ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kada in ga yadda ka jera su. Hannu ke zaɓen tsirkiya, ba ido ba."

Ya rufe ido. Daidai nan mai walda ya tayar da injin gurza ƙarfe, ƙara ta cika shagon har kwalaben da ke kan kanta suna rawa.

"Mu jira ya gama!" mai gyara ya ɗaga murya.

"Bar shi! Haka ma ya fi!"

Da gaske yake faɗa. So yake ya sani, sau ɗaya, ba ido ba kunne, me ya rage masa a hannu. Ya ji nauyin jitar ya sauka a cinyarsa, ya ji mai gyara ya kama wuyan hannunsa na hagu ya ɗaga, ya aza.

"Ga ta farko da zan ba ka! Wacce ce?"

Ginshiƙi ya ja yatsa sama, ya dawo da shi ƙasa. Ya san hannunsa na tafiya, don kafaɗarsa ta gaya masa. Amma daga kan yatsan ba wani labari, kamar yana shafa iska da safar hannu. Gabansa ya faɗi. Ya gyara fuska irin ta masana, ya ɗan taɓe baki.

"Mai taurin kan ce."

"Uhm. Ga wata!"

An sake ɗaga hannun, an sake azawa. Ya ja, ya danna, ya jira. Shiru.

"Ta roba."

"Uhm. Ga ta ƙarshe!"

"To, mai siliki ke nan," in ji shi, tun kafin ma ya gama ja. Ya ji kunyar kansa, tsoho da furfura yana canki-canka kamar ɗan makarantar da bai yi karatu ba. Haushi ya taso masa, ya fizge hannunsa daga riƙon mai gyara. "Sake ni, in bi su da kaina!"

Ya shiga lalube. Ya ja nan, ba komai. Ya matsa, ya ja, ba komai. Ya sake matsawa ya danna da iya ƙarfinsa ya ja.

Sai ya ji wani abu.

Ba a kan yatsa ba ne, can ciki ne, a gaɓar wuyan hannu, wata 'yar girgiza ce siririya, garr, tana bin ƙashi har gwiwar hannu. Ya dawo da yatsan, ta sake zuwa. Ya ja gajere, ta zo gajere. Ya ja dogo, ta zo dogo. Ashe akwai! Ashe cikin masu santsin akwai wadda ta san shi! Da wannan ko kukan ba ya bukata, ƙashinsa zai riƙa gaya masa inda yake. Nan take ya hango ranar Asabar, ya hango kansa a tsaye ido a rufe, mai fiyano kuma ya mayar da hannun hagunsa inda Allah ya ajiye shi.

"Wannan!" ya yi ihu ya rinjayi injin. "Wannan ce! Tana magana! Mutumina, wacce ce wannan? Ita za ka sa min!"

Yana faɗa yana ja, sama da ƙasa, sama da ƙasa, yana dariya kamar yaro. Rabon da ya yi irin wannan dariyar tun kafin kofin shayin nan.

"Malam, tsaya," in ji matarsa.

"Ke ba ki gane ba, ina jin ta!"

"Malam, don girman Allah ka tsaya!"

Ta riƙe hannun da hannu biyu. Injin mai walda ya mutu, shagon ya yi tsit. Ginshiƙi ya buɗe ido.

Tsirkiya huɗu ce a kan bes, kowa ya san wannan, shi ne dai murna ta mantar da shi. Uku sababbi ne, biyu suna ƙyalli, ɗaya baƙa. Ta huɗun tsohuwa ce mai kaushi, duk ta yi tsatsa, wadda mai gyara ya bari a kai don kada wuyan jitar ya karkace. A kanta yatsansa yake. Tsagar da ta yi sati biyar kafin ta rufe ta buɗe, ta ƙara da wata a gefenta, jini ya bi ramukan tsirkiyar kusan taƙi guda, yana ɗiga a kan wandonsa. Ko kaɗan bai ji zafi ba.

"Laifina ne," in ji mai gyara. "Da na sani da na cire ta. Wallahi ban kawo za ka kai can ba."

Matar ta saki hannun. Ta buɗe jakarta ta fito da auduga da filasta da 'yar kwalbar magani. Sai a lokacin ya gane ta daɗe tana yawo da su. Ta wanke, ta matse, ta naɗe, shi kuwa yana kallo kamar yatsan wani ake yi wa aiki.

"Ukun farko," in ji shi, bai ɗago ba. "Nawa na faɗa daidai?"

Mai gyara ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga.

"Tambayarka nake yi."

"Ko ɗaya, ɗan'uwa."

Ginshiƙi ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana gyaɗawa.

"Ba a gama ba," in ji mai gyara da sauri, irin saurin mai son gyara ɓarna. "Ido fa? Makaɗa nawa ne ke kallon hannunsu? Duk duniya haka ake yi, kai kaɗai ne ka mayar da shi abin kunya. Bari in jona ta, ka gwada da ido."

Ya jona waya a sifika. Ginshiƙi ya sunkuyar da kai, abin da bai yi ba tun yana ɗan koyo, ya nemi wurin da ido, ya aza yatsan manuni, ya kaɗa mai taurin kan. Murya ta fito mai kauri, mai tsabta, ba ƙiii ba komai. Gaskiyar mai gyara ne, har a ƙirji ake jin ta. Ya kaɗa mai siliki, ta fito da ɗumi. Ya kaɗa baƙar, ta ce dum. Duka ukun masu kyau ne, abin takaicin ke nan. Da ma a ce ɗaya ta yi muni ya samu abin zagi.

"Ka ji ko? Ka ji?" in ji mai gyara.

"Tafa min. Waƙar da muke buɗe wasa da ita, ka san saurinta."

Mai gyara ya fara tafi. Zagaye na farko Ginshiƙi ya bi. A na biyu, inda hannu ke tsalle daga sama zuwa tsakiyar wuya, sai da ido ya je ya duba, ya dawo ya ba hannu izini, kafin nan tafi ya wuce. Ya bi shi da gudu, ya danna gefen wurin, jitar ta yi gurnani. Ya sake, ya makara. Ya sake, yatsan ya zame daga kan tsirkiyar ya danna katako, bai sani ba sai da ya ji shiru. Sai ya lura tafin na raguwa a hankali, mai gyara na jan ƙafa don ya cim masa.

"Kada ka rage," in ji shi. "Mai ganga ba zai rage ba."

Mai gyara ya mayar da saurin. Ba a yi zagaye biyu ba Ginshiƙi ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin ya kashe sautin. Mutumin da ƙungiya guda ke jingina a kansa ya kasa bin tafin mutum ɗaya, a shagon da ba kowa sai matarsa. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba ya zuwa da hawaye.

"Da saura kwana biyu," in ji mai gyara, amma shi ma bai yarda da abin da ya faɗa ba.

"Kwana biyu," in ji Ginshiƙi. "Hannun nan na shekara talatin ina koya masa." Ya ɗaga hannun mai filasta ya dube shi.

Ya miƙa tsohuwar bes ɗin shago, ya jawo jakarsa, ya zuge. Tasa ta fito, ja mai duhu, fentin ya goge a inda damtsensa ke kwanciya. Ya ɗora ta a kan teburin aiki a hankali.

"Cire mata masu kaushin. Ka sa mata mai shekara goman."

Fuskar mai gyara ta washe. "Yauwa! Ka ga magana. Sai dai ita ce mafi tauri fa, da hannun nan naka da ka ɗauki mai siliki."

"Ba ni zan danna ba. In ka gama ka rataye ta can, kusa da ƙofa, inda ake gani. Wanda zai ɗauke ta ya samu abin da zai daɗe yana mora. Amma ka duba hannunsa tukuna, kada ka ba wanda zai jingine ta a bayan kabad."

"Haba, mutumina."

"Kuma ka kira yaron nan, shugabanmu, ka ce kada su jira ni ranar Asabar. Ni in na kira shi zai yi ta ba ni haƙuri, ba zan iya ji ba."

Mai gyara ya dubi matar, yana neman ta sa baki. Ita kuwa ta kau da kai. Ta mayar da auduga cikin jaka ta miƙe. Ta kai hannu za ta ɗauki jakar jitar kamar yadda ta saba, ta ga ba komai a ciki, ta ninke ta biyu ta ajiye a kan kujera.

Suka fito. Rana ta take, mai walda ya sake tayar da injinsa, mai taya na ta dukan ƙarfe. Ginshiƙi na tafe kai a sama, yadda ya saba tsayawa a gaban jama'a, yana kallon rufin gidaje ba ya ganin su. Haka suka wuce shaguna shida ko bakwai.

Sai da suka kusa bakin titi ya lura hannunsa na hagu ya ƙi lilo, kamar ya maƙale a wani abu. Ya sunkuya ya duba. Matarsa ce ta riƙe shi, abin da ba ta taɓa yi a bainar jama'a ba tun da aka ɗaura musu aure. Ta saƙa yatsunta cikin nasa, ta damƙe har gaɓoɓinta sun yi fari.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Tun daga ƙofar shago," in ji ta.

Motoci suka tsaya, mutane suka fara tsallakawa. Ya bi ta suka tsallaka, idonsa na kan hannun.